Lasisin shirya dambe a Amurka: me ya ƙunsa, kuma me ya sa ake jayayya kan Dokar Muhammad Ali?

A watan Yulin 2025 wasu 'yan majalisar wakilan Amurka biyu, Brian Jack na jam'iyyar Republican daga jihar Georgia da Sharice Davids ta jam'iyyar Democrat daga Kansas, suka gabatar da ƙudirin da zai sauya ƙa'idojin shirya damben boksin a ƙasar. Ƙudirin yana ɗauke da sunan Muhammad Ali. Ita ma dokar da yake neman yi wa kwaskwarima, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Mayun 2000, sunan Ali aka sa mata. Matar marigayin, Lonnie Ali, ta goyi bayan sabon ƙudirin. Jikansa Nico Ali Walsh, wanda shi ma ɗan dambe ne, ya fito fili ya ce bai yarda da shi ba. Dole mai bin labaran dambe ya rasa inda zai kama, tunda kowane ɓangare cewa yake yi ɗan dambe yake karewa.

Ruɗanin ya zo ne saboda abu biyu ake magana a kansu a lokaci guda. Na farko lafiyar ɗan dambe: likita, gwaji, inshora. Na biyu iko: wa ke riƙe da kwantiragin, wa ke tsara jerin gwanaye, wa ke ba da kambu, kuma wa ke ganin lissafin kuɗi. Doka tana iya ƙarfafa na farko ta sassauta na biyu.

Su wa ke cikin harkar?

Mai shirya dambe shi ne ɗan kasuwar da ke ɗaukar nauyin taron baki ɗaya. Shi ke kama fili, ya sayar da tikiti, ya ƙulla ciniki da gidan talabijin, ya biya 'yan dambe. Riba tasa ce, asara ma tasa ce. Don King, Bob Arum, Eddie Hearn da Frank Warren duk wannan sana'ar suka yi suna a kanta.

Manaja kuwa wakilin ɗan dambe ne, aikinsa ya tsaya a kan ciniki har sai yaronsa ya sami kuɗi mai tsoka, sannan ya ɗauki kasonsa. Ke nan shi da mai shirya dambe kujerunsu na fuskantar juna ne, ɗaya yana son ya rage, ɗaya yana son a ƙara.

Sai hukumar wasannin dambe ta jiha, wadda ita ce gwamnati a wannan fage. Amurka ba ta da hukumar dambe ta ƙasa. Kowace jiha da tata, haka ma wasu yankunan ƙabilun asali na ƙasar. Ta Nevada, inda Las Vegas take, an kafa ta a 1941, kuma gwamna ne ke naɗa mambobinta biyar. Ita ke ba da lasisi, ta naɗa alƙalan wasa da likitoci, ta hukunta mai laifi.

Akwai kuma ƙungiyoyin kambu huɗu da aka fi sani: WBA, WBC, IBF da WBO. Waɗannan ba gwamnati ba ne kuma ba sa ba da lasisin shirya wasa. Jerin gwanaye suke fitarwa, su ba da kambu, su karɓi kuɗin amincewa da karawa, wanda yawanci yakan kai kusan kashi 3 cikin 100 na kuɗin ɗan dambe. Mutane da yawa suna ɗaukarsu hukumomin dambe na duniya, alhali ba su da ikon hana a yi wasa a ko'ina. Iyakar ikonsu su ce kambunsu ba ya cikin wasan.

Abin da lasisi ke ɗora wa mai shirya dambe

Ƙa'idojin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Mai neman lasisi zai bayyana ko shi wane ne da su wa ke da hannun jari a kamfaninsa, a ɗauki hoton yatsunsa, a duba tarihinsa da ƙarfin aljihunsa. Daga nan zai ajiye takardar lamuni daga kamfanin inshora ko banki. Amfaninta shi ne idan taro ya watse bai biya 'yan dambe ko alƙalai ko harajin jiha ba, hukuma ta san inda za ta ciro kuɗin.

Lasisin na shekara ne, kuma bai isa a buga ganga ba. Kowane taro sai an nemi izininsa daban, a miƙa sunayen waɗanda za su kara da kwafin kwantiraginsu. A nan hukuma take da damar cewa wannan haɗin bai yi ba, misali idan an haɗa gogaggen ɗan dambe da yaron da bai taɓa yin nasara ba. Kowane ɗan dambe kuma yana da nasa lasisin, wanda a jihohi irin su Nevada ba ya samuwa sai da gwajin jini na ƙanjamau da ciwon hanta, gwajin ido da hoton ƙwaƙwalwa. Wanda aka sumar da naushi ana dakatar da shi na wani lokaci, yawanci daga kwana 30 zuwa 60 ko fiye.

Kuɗin 'yan dambe ma ta gaban hukuma suke bi, shi ya sa take iya riƙe su. Bayan hatsaniyar da ta biyo bayan karawar Khabib Nurmagomedov da Conor McGregor a Las Vegas a watan Oktoban 2018, hukumar Nevada ta riƙe dala miliyan 2 na Khabib, daga baya ta ci shi tarar dala 500,000 da dakatarwar wata tara. Jiha kuma tana karɓar kasonta daga kuɗin ƙofa, a Nevada kashi 8 cikin 100. Wannan kaso yana da nasa tasirin: hukumar da ke sa ido a kan mai shirya dambe tana aiki ne a jihar da ke son manyan wasanni su zo mata kada su tafi wata jihar.

Yadda gwamnatin tarayya ta shigo

Kafin 1996 ɗan damben da aka dakatar a wata jiha saboda rauni yana iya tsallakawa maƙwabciyarta, wani lokaci da wani suna, ya sake shiga fage. Wasu jihohin ko hukuma ba su da ita. Sanata John McCain, wanda ya yi dambe lokacin da yake makarantar sojan ruwa, shi ya jagoranci dokar kare lafiyar 'yan dambe ta 1996. Ta wajabta cewa kowace karawa ta ƙwararru sai da sa idon wata hukuma, sai an gwada lafiyar ɗan dambe kafin wasa, sai da likita a bakin fage, da motar asibiti ko ma'aikatan lafiya masu kayan farfaɗo da mutum, da inshorar raunin da aka ji a wasan. Ta kuma kawo katin shaida na ƙasa, ta ce dakatarwar da wata jiha ta yi saboda rauni ta hau kan sauran jihohi.

Dokar 2000 ta juya ga kuɗi, kuma abin da ya faru a waɗannan shekarun ne ya haife ta. A 1998 Mike Tyson ya kai Don King kotu yana neman dala miliyan 100 bisa zargin ya cuce shi, shari'ar da aka sasanta a 2004 a kan dala miliyan 14. A 1999 aka gurfanar da shugaban IBF, Robert Lee, kan zargin karɓar cin hanci don ɗaga 'yan dambe a jerin gwanaye. A wajen shari'ar Bob Arum ya amsa cewa ya biya dala 100,000 don IBF ta amince da karawar George Foreman da Axel Schulz ta 1995. An sami Lee da laifin halasta kuɗin haram da ƙin biyan haraji.

Tanadin da ya fi kowanne suna a Dokar Ali shi ne katangar da ta gina tsakanin mai shirya dambe da manaja: mutum ɗaya ba zai zama duka biyun ga ɗan dambe ɗaya ba, a karawar da ta kai turmi 10 ko fiye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san kara ta shanu. Dillalin da ka ba sanka ya sayar maka, idan ya zamana shi ne mai sayen, babu wanda zai tsaya maka a kan farashi.

Dokar ta kuma taƙaita abin da ake kira kwantiragin tilas. A da, idan kana son karawa da zakara, mai shirya damben da ke riƙe da zakaran zai ce sai ka sa hannu cewa wasanninka na gaba nasa ne, ta yadda ko wa ya yi nasara kambun yana gidansa. Dokar ta ce irin wannan sharaɗi ba zai wuce wata 12 ba. Ta wajabta wa mai shirya dambe ya bayyana wa ɗan dambe kuɗin da shi kansa zai samu daga karawar. Ta tilasta wa ƙungiyoyin kambu su rubuta ma'aunin da suke bi wajen jera gwanaye, ta hana jami'ansu karɓar kyauta daga masu shirya dambe. Wanda ya karya wasu daga cikin tanade-tanaden yana iya shan ɗaurin shekara ɗaya ko tarar da ta kai dala 100,000, kuma ɗan damben da aka cuta yana iya shigar da ƙara da kansa.

Rauninta shi ne ba a kafa wata hukuma da za ta tsaya a kanta ba. Wani rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnati na 2003 ya nuna ma'aikatar shari'a ba ta gurfanar da kowa a ƙarƙashinta ba. Yunƙurin McCain na kafa hukumar dambe ta ƙasa ya faɗi a majalisar wakilai a 2005. Ko da kamfanin Golden Boy na Oscar De La Hoya ya kai Al Haymon kotu a 2015 yana zarginsa da haɗa aikin manaja da na mai shirya dambe, alƙali ya kori ƙarar a farkon 2017.

UFC: gidan da dokar ba ta shiga ba

Dokar Ali ta boksin ce kaɗai. Ba ta shafi MMA ba, wato faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, wanda Kamaru Usman da Israel Adesanya suka riƙe kambu a cikinsa. Hukumomin jihohi suna ba UFC, babban kamfanin shirya wasannin MMA, lasisi kuma suna kula da lafiyar 'yan wasanta kamar yadda suke yi wa boksin, amma ta fuskar iko tsarin daban ne. UFC ce ke riƙe da kwantiragi, ita ke haɗa karawa, jerin gwanaye da kambu duk na gidanta ne. Markwayne Mullin, lokacin yana majalisar wakilai, ya gabatar da ƙudiri a 2016 da 2017 don a faɗaɗa Dokar Ali ta haɗa da MMA, bai kai ko'ina ba.

Wannan tsari ya ba 'yan kallo abin da boksin ya daɗe yana kasa bayarwa, zakara ɗaya a kowane aji da manyan karawa a kan lokaci. Amma a watan Disambar 2014 wasu tsoffin 'yan wasa suka kai kamfanin kotu suna zarginsa da danne kasuwa don ya rage musu kuɗi. Takardun da aka fitar a shari'ar sun nuna abin da ke zuwa hannun 'yan wasa bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin ba. An sasanta a kan dala miliyan 375, kotu ta amince a watan Fabrairun 2025, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Wata ɗaya bayan haka, a watan Maris na 2025, kamfanin TKO, wanda ya mallaki UFC da kamfanin kokawa na WWE, ya sanar da shiga boksin tare da Turki Alalshikh, jami'in gwamnatin Saudiyya, da kamfanin Sela na ƙasar, ƙarƙashin jagorancin shugaban UFC, Dana White. Tsarin UFC suke son kawowa, kuma Dokar Ali a yadda take a lokacin ba ta ba mai shirya dambe damar zama mai kambu ba. Daga nan sabon ƙudirin ya samo muhimmancinsa.

Abin da ƙudirin ya ce da abin da ake cewa a kansa

Ƙudirin bai soke tsohuwar doka ba. Wata hanya ta biyu ya buɗe, ta kamfanonin da ake kira UBO a taƙaice, waɗanda za su iya ɗaukar 'yan dambe, su shirya wasa, su tsara jerin gwanayensu, su ba da kambunsu, ba tare da WBC ko takwarorinta ba. A madadin haka za a ɗora musu ƙarin gwaje-gwajen lafiya da gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari. Daftarin farko ya kuma tanadi mafi ƙarancin biya na dala 150 a kowane turmi, da inshorar da ba ta gaza dala 25,000 ba, ga duk ƙwararrun 'yan dambe a ƙasar.

Masu goyon baya, ciki har da hukumar jihar California da ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi a watan Oktoban 2025, suna cewa mafi yawan 'yan dambe ba su taɓa cin moriyar katangar Dokar Ali ba, domin ba sa kaiwa karawar turmi 10. Yaron da ke turmi huɗu a ƙaramin zaure, abin da ya dame shi a biya shi kuma a yi masa magani idan ya ji ciwo. A lissafin daftarin farko zai tashi da aƙalla dala 600. Suna ƙarawa da cewa kambuna sun yi yawa har sun rasa daraja, kuɗin amincewa kuma daga aljihun ɗan dambe yake fita, sannan babu wanda aka tilasta wa shiga UBO.

Masu adawa, irin su De La Hoya da Ali Walsh da wasu 'yan MMA da suka yi shari'a da UFC, suna cewa zaɓin zai zama na baka ne kawai idan kamfani ɗaya ya haɗa kuɗin Saudiyya da cinikin talabijin mafi tsoka. Wanda ke riƙe da kambu da jerin gwanaye ba ya buƙatar kwantiragin tilas, domin kambun kansa ya ɗaure ɗan dambe: in ya bar gidan ya bar kambunsa. Suna kuma nuna damuwa cewa haƙƙin ɗan dambe na sanin abin da mai shirya wasa ya samu zai raunana a ƙarƙashin sabon tsarin. Sai dai a lura, wasu daga cikin masu wannan suka abokan gasar TKO ne a kasuwa, kamar yadda TKO ce kan gaba cikin masu cin moriyar ƙudirin.

Idan aka ajiye hujjojin biyu gefe da gefe, za a ga ba a kan abu ɗaya suke ba. Mafi ƙarancin biya da inshora ba su dogara da kafa UBO ba, majalisa tana iya zartar da su su kaɗai. Haɗa su a takarda ɗaya ne ya sa wanda ya soki rabin ƙudirin yake kama da mai ƙin ɗaya rabin.

Kariya tana da tsada

Ƙara sharuɗɗa ma yana da nasa sakamakon, kuma New York ta gani. A ranar 2 ga Nuwamban 2013 Magomed Abdusalamov ya ji mummunan rauni a ƙwaƙwalwa a karawarsa da Mike Perez a Madison Square Garden, aka bar shi ya tafi asibiti a tasi. Jihar ta biya iyalinsa dala miliyan 22 a 2017. Lokacin da New York ta halasta MMA a 2016, ita ce jiha ta ƙarshe da ta yi hakan, ta wajabta inshorar dala miliyan 1 ga kowane ɗan wasa saboda raunin ƙwaƙwalwa mai barazana ga rai. UFC ta iya ɗauka, ta yi babban taronta a birnin a watan Nuwamban shekarar. Ƙananan masu shirya boksin kuwa, irin su Lou DiBella, soke wasanninsu suka yi na watanni. Duk sharaɗin da ya yi nauyi, babban kamfani ne ke iya ɗaukarsa, kuma ƙananan zauruka ne makarantar da 'yan dambe ke fara koyo.

Ingila ta bi wata hanyar. Hukumar dambenta, da aka kafa a 1929, ƙungiya ce mai zaman kanta. Bayan raunin da Michael Watson ya ji a karawarsa da Chris Eubank a 1991, kotu ta same ta da sakaci wajen tanadin agajin gaggawa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. Amma da ta janye lasisin Derek Chisora a 2012, sai aka ɗauko hukumar damben Luxembourg ta amince da karawarsa da David Haye a gabashin Landan, aka kuma yi wasan.

Inda abin ya taɓa 'yan dambenmu

Ɗan dambe daga Najeriya ko Gana da aka gayyata waje yawanci ba a matsayin tauraro yake zuwa ba. Abokin karawar yaron gida ne, sau da yawa ba shi da lauya ko manaja mai ƙarfi. Shi ne wanda ƙananan takardu suka fi yi wa amfani: izinin fita daga hukumar ƙasarsa, gwajin lafiya na gaskiya, rubutaccen kwantiragi, da sanin wa zai biya asibiti.

A ranar 29 ga Maris na 2025 Segun Olanrewaju, ɗan Najeriya mai shekara 40 kuma tsohon zakaran Afirka ta Yamma, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a filin damben Bukom da ke Accra, ya rasu. Hukumar damben boksin ta Najeriya ta ce izinin da ta ba shi na karawar ranar Juma'a ne, wadda aka soke, ba na ta ranar Asabar da ya shiga ba. Gwamnatin Gana ta kafa kwamitin bincike. A watan Satumba Ernest Akushey, ɗan Gana, ya rasu kwanaki kaɗan bayan wata karawa a wannan filin, sai hukumar wasanni ta ƙasar ta dakatar da boksin gaba ɗaya na wani lokaci don a gyara tsarin kula da lafiya.

Damben gargajiya ma ya fara shiga wannan layi. A gidan dambe, mai gida da shugabannin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada ne ke haɗa wasa, kuɗi kuma daga ƙofa da karin masu kallo yake fitowa. Yanzu da kamfanoni suka fara ɗaukar 'yan dambe da kwantiragi, suna naɗar wasa suna sayar da shi a intanet da talabijin, tambayoyin da Amurka ta yi fama da su sun iso: kwantiragin na shekara nawa ne, hoton wasan mallakar wa ne, ɗan damben ya san abin da masu talla suka biya, kuma idan an yi kisa mutum bai tashi ba, akwai likita da mota a wurin, sannan wa zai biya kuɗin jinya.